Banki da kamfanin jirgi suna shari'a a kan makin tafiya, mai katin fa?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu katin American Airlines na bankin Barclays, kun ga sanarwa? Tun watan Disamba na 2024 kamfanin ya ce daga 2026 bankin Citi kaɗai zai riƙa fitar da katinsa, kuma Citi zai sayi asusun duk waɗanda ke hannun Barclays. To wa ya ba su izinin cinikinmu? Mutum da Barclays ya sa hannu. Sannan makin da ya tara da katin don karɓar tikitin jirgi, a shari'a na waye? Nasa, ko na banki, ko na jirgi? Anti Barista, ki taimaka mana.

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Makinka dai ba inda zai je, yana asusunka na AAdvantage, shirin maki na American Airlines, ba a wajen banki yake ba. Kati ne kawai zai canja.

Baban Walid: Na ji wannan Maman Ihsan. Ni ikon da suke da shi a kaina nake tambaya.

Anti Barista: Wa alaikumus salam. Kafin in fara, hira muke yi, ba wanda ya ɗauke ni lauya, kada gobe a ce Anti ta ce. Izinin da kake tambaya kai ka ba su, Baban Walid, yana cikin doguwar takardar nan da ba wanda yake karantawa: banki yana da damar miƙa asusunka ga wani bankin. Amma abin da ya ba ni dariya da na ga sanarwar shi ne yadda shi kansa Barclays ya shigo wannan harka. Ta ƙofar kotu ya shigo.

A 2005 kamfanin jirgin US Airways yana hannun kotu karo na biyu saboda bashi ya yi masa katutu. Wani kamfanin jirgin, America West, ya zo zai haɗe da shi, ana neman kuɗi ko ta ina. A lokacin Bank of America ne yake fitar da katin US Airways. Sai wani banki mai suna Juniper, wanda Barclays ya saya a 2004, ya ajiye kuɗi a tebur: dala miliyan 130 ta sa hannu, da dala miliyan 325 ta sayen maki tun kafin a buƙace shi. Jimilla miliyan 455. Aka kammala haɗewar a ƙarshen Satumba. Ko wata ɗaya ba a yi ba, a watan Oktoba Bank of America ya shigar da ƙara a kotun Chancery ta jihar Delaware. Ya ce US Airways ya saɓa yarjejeniyarsu da ya bai wa Juniper damar fitar da kati, kuma America West ne ya zuga shi. Ya roƙi kotu ta hana Juniper fitar da katin, ta tilasta wa kamfanin jirgin ya ci gaba da tallata nasa, a kuma biya shi diyya. Shi ma Juniper bai zauna ba, ya nemi kotu ta sa shi cikin shari'ar, ta sa shi, ya shigar da nasa ƙorafin.

Alhaji na Bronx: Wato mai gida ya karɓi kuɗin haya hannun mutum biyu a shago ɗaya.

Anti Barista: Haka ɗin ne Alhaji, kuma na biyun ya biya na shekaru a dunƙule, an riga an kashe. Aka yi ta ja har 2007 kafin su yi sulhu. Bankunan biyu suka ci gaba da aiki na ɗan lokaci, daga baya filin ya zama na Barclays shi kaɗai. Da US Airways ya haɗe da American a 2013, Barclays ya biyo shi, ya tarar da Citi wanda yake da katin American tun 1987. Shi ya sa American ya daɗe da bankuna biyu. Yanzu kuma aka sallami baƙon.

Abin lura a nan: a duk wannan shari'a, masu riƙe da katin su ne abin da ake rigima a kai, amma ba su cikin masu ƙara, ba su cikin waɗanda ake ƙara.

Kawu na Fagge: Ku yi haƙuri da mu na gida. Me banki zai yi da maki har ya zuba miliyan 325? Mu nan katin ATM muka sani, kuɗinka ne a ciki, in ya ƙare ya ƙare.

Akanta: Kawu, barka da dare. Abin haka yake. Katin bashi, banki ne yake biya maka, kai ka biya shi ƙarshen wata. Duk lokacin da ka goga katin a shago, ana yanke wa mai shagon kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin, kaso mafi tsoka ya tafi bankin da ya ba ka katin. To banki yana son ka riƙa goga nasa ba na wani ba. Sai ya je wajen kamfanin jirgi ya sayi maki a sari, ya riƙa gutsura maka, dala ɗaya maki ɗaya ko biyu. Kai kuma ka tara ka karɓi tikiti. Farashin da banki yake sayen makin sirri ne, ko a takardun da suke miƙa wa hukuma ana shafe wurin.

Shi kamfanin jirgi kuwa, makin ba ya cin sa komai a ranar da ya sayar. Lamba ce a kwamfuta. Ya karɓi kuɗi yau, kujera sai bayan shekara biyu ko uku, kuma shi zai faɗi maki nawa kujerar take a ranar. Wasu ma har abada ba za su zo karɓa ba.

Kawu na Fagge: Tabɗijam. Shi ya buga kuɗin, shi ya sa musu daraja.

Akanta: Ka gama magana Kawu. Ka ji adadin: a 2023 American Express ya biya Delta dala biliyan 6.8, a 2024 ya haura biliyan 7. A wannan shekarar ta 2023 Delta ya ce abin da ake kashewa da katunansa ya kusa kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin Amurka baki ɗaya. Lokacin korona da jirage suka kwanta, me suka jinginar? Shirye-shiryensu na maki. United ya ci bashin biliyan 6.8 a kan MileagePlus a 2020, Delta biliyan 9 a kan SkyMiles, American biliyan 10 a kan AAdvantage a 2021. A takardun bashin United an yi wa shirin makin kuɗi kusan biliyan 22, a lokacin da hannun jarin kamfanin gaba ɗaya bai wuce rabin haka ba.

Maman Ihsan: To ni ban ga abin kuka ba. Suna samu, ina samu. Ina biyan katina cif duk wata, ko sisi ban taɓa ba su na ruwa ba. Cefane da man mota da kuɗin makarantar yara duk a kai nake yi, abin da dole ne in kashe ko da kati ko babu. In lokacin zuwa gida ya yi in duba Qatar, tunda ƙawancensu ɗaya da American kuma tun 2022 suke sauka Kano. Mai 'ya'ya huɗu ya san abin da tikiti ɗaya na kyauta yake nufi. Su yi ta shari'arsu.

Alhaji na Bronx: Hajiya, kyauta? Ni nake biya. Duk wanda ya shigo shagona ya sayi garin kwaki da manja da katin jirgin nan mai ƙyalli, abin da ake yanka mini ya fi na katin talaka. Kuma ba ni da ikon in ce wannan nake karɓa wancan ban karɓa, in ka karɓi Visa ka karɓi duka. Ni kuma in ɗora a kan kaya. Tsohuwar da ta zo da tsabar kuɗi a ƙulle a gefen zane, ita ma ta biya wannan ƙarin, ita da ba ta da kati, ba ta zuwa ko'ina. Ita take biya miki kujera zuwa Kano.

Maman Ihsan: Haba Alhaji, sai ka ce na yi mata fashi.

Alhaji na Bronx: Ban ce kin yi ba. Na faɗi inda kuɗin ya fito ne.

Anti Barista: Maganar Alhaji ma ta je Kotun Ƙoli ta wata fuska. American Express yana hana masu shago su ce wa mai saye don Allah yi amfani da wancan katin, ya fi mini sauƙi. Gwamnatin tarayya da wasu jihohi suka kai ƙara, a 2018 kotun ta ba American Express gaskiya, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Ɗaya daga cikin hujjojin masu rinjayen shi ne kuɗin da ake karɓa hannun irin su Alhaji yana komawa wajen irin su Maman Ihsan, don haka ba za a auna cutarwa ta gefe ɗaya ba. Kun ga ku biyun nan an riga an yi rigimarku a Washington.

Ɗan Toronto: Mu nan Kanada mun ga namu wasan. Shirin maki na Aeroplan na Air Canada ne tun asali, amma da kamfanin ya shiga matsi ya ware shi ya sayar da hannun jarinsa tun daga 2005, har ya koma hannun wani kamfani daban mai suna Aimia. Bankin CIBC ne yake da katin fiye da shekara 20. A 2013 Aimia ya ce ya samu wanda ya fi ba da kuɗi, wato bankin TD. CIBC ya ce sam, yarjejeniyarsu ta ba shi haƙƙin a nuna masa tayin ya daidaita shi, kuma an tsara tayin TD ne yadda ba zai iya ba. Aka kama hanyar kotu, sai aka dawo aka zauna. Kun san yadda aka sasanta? Raba mutane aka yi. TD ya kwashi kusan rabin masu katin, fiye da rabin miliyan, CIBC ya riƙe waɗanda suke da wasu asusun a wajensa, aka kuma biya shi kuɗi. Mutane wasiƙa kawai suka gani a farkon 2014 cewa yanzu kai na wane ne.

Baban Walid: Kun ji ko! Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗan Toronto: Saura ma. A watan Mayu na 2017 Air Canada ya ce in kwantiraginsa da Aimia ya ƙare a 2020 zai buɗe sabon shirin maki nasa na kansa. A yini ɗaya hannun jarin Aimia ya faɗi fiye da rabi. Mutane suka ruɗe suna ta ƙona makinsu, don makin da ba jirgi a bayansa me za ka yi da shi? Da farashi ya karye, sai ga Air Canada ya dawo a 2018 tare da TD da CIBC da Visa, su huɗu, suka saye Aeroplan ɗin a kan dalar Kanada miliyan 450, suka ɗauki nauyin makin da ke hannun jama'a na kusan biliyan 1.9. Bankunan da suka yi ta jan wuyan juna a 2013 su ne suka haɗa kuɗi.

Akanta: Don faɗansu na rabo ne, ba na rabuwa ba. Kowa yana buƙatar kowa. Da United ya durƙushe a Disamban 2002, Bank One mai fitar da katinsa ya ba shi bashin miliyan 300 don ya ci gaba da tashi. American Express ya biya Delta miliyan 500 na maki tun gaba a 2004, Citi ya yi wa American irin haka da biliyan 1 a 2009. Ba tausayi ba ne. In jirgin ya mutu katin ya zama roba.

Alhaji na Bronx: Kowa ya ci ladan kuturu dai.

Anti Barista: Akwai kuma inda ɓangaren kati ya kayar da jirgi, ko da yake wannan ba a kan maki ba ne. Kamfanin jirgin Frontier na Denver, Afrilun 2008. Kamfanin First Data ne yake sarrafa masa kuɗin tikitin da aka saya da kati. A dokar Amurka ta 1974, in ka biya abu da katin bashi ba a ba ka ba, kana iya ƙalubalantar cajin a mayar maka. To in jirgi ya rufe da tikitin mutane a hannunsa, asarar a kan mai sarrafa kuɗin take faɗawa. Da First Data ya ga ƙananan kamfanoni suna rufewa a jere a makonnin, sai ya ce zai ƙara yawan kuɗin da yake riƙewa. Frontier ya ruga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi cikin 'yan kwanaki, kuma ya fito fili ya ce wannan ne dalili. Ya ci gaba da tashi, amma a 2009 Republic Airways ya saye shi.

Maman Ihsan: Duk na ji. Amma Anti, in suka zalunce ni ai ni ma kotun nan a buɗe take.

Anti Barista: A nan ne zan ɗan ɓata miki rai, ƙanwata. Akwai dokar 1978 da ta cire hannun gwamnati daga farashin jirage. A ciki aka ce jihohi ba su da ikon yin doka a kan farashi, ko hanya, ko hidimar kamfanin jirgi. Wannan jimla ɗaya ita ce garkuwarsu har yau.

Shari'a biyu za ki riƙe. Ta farko ta Wolens ce, sunan ɗaya daga cikin masu ƙarar. American ya canja dokokin AAdvantage a ƙarshen shekarun 1980, ya taƙaita kujerun maki, ya ware ranakun da ba a karɓar maki, kuma canjin ya hau har kan makin da mutane suka riga suka tara. Suka kai ƙara a Illinois. A 1995 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg, ta ce ba za su iya amfani da dokar jiha ta hana yaudarar masu saye ba. Abin da ya rage musu shi ne su nuna kamfanin ya saɓa alkawarin da shi da kansa ya rubuta. Ki je ki karanta abin da suke rubutawa yanzu: muna iya canja komai a kowane lokaci, kuma makin ba dukiyarki ba ce. Wane alkawari za ki kama su da shi?

Ta biyu ta fi ban tausayi. Wani malamin Yahudawa a Minnesota, Binyomin Ginsberg, yana matakin ƙoli a shirin maki na kamfanin jirgin Northwest saboda yawan tafiya. A 2008 suka kore shi daga shirin. Laifinsa yawan ƙorafi, sun lissafa masa sau 24 cikin wata takwas, da yawa a kan jinkirin fitowar jaka. Ya ce ai ko da takarda ta ba ku damar kora, doka ta ɗora wa kowa yin mu'amala da kyakkyawar niyya. A 2014 alƙalai tara duka suka ce a'a, a Minnesota jiha ce ta ɗora wannan sharaɗin ba ku biyu kuka ƙulla ba, don haka dokar 1978 ta shafe shi. Aka nuna masa ƙofar Ma'aikatar Sufuri in yana da kuka.

Ki kwatanta. Bank of America yana da kwantiragi mai haƙora, ya riƙe kamfanin jirgi a kotu fiye da shekara ɗaya da rabi har aka zauna da shi. Ke takardarki ta ce ba a yi miki alkawarin komai ba.

Maman Ihsan: To shi wannan malamin ma dai ya cika mita. Sau 24!

Ɗan Toronto: In jakarka ta yi ta makara ba za ka yi magana ba?

Akanta: Anti, tambaya. Ginsberg ai da tashi ya tara nasa. Wanda ya tara da cefane fa, bai taɓa hawa jirgin ba? Ina ruwan dokar jirage da sayen manja a shagon Alhaji?

Anti Barista: Ka taɓo wurin da ya fi burge ni. An kawo wannan hujja a gaban kotun. Mai shari'a Alito da ya rubuta hukuncin ya ambace ta, ya ce an gaya musu yawancin maki yanzu ba da hawa jirgi ake samunsa ba, amma wannan ba shi ne a gabansu ba, ko zai yi tasiri sai a wata shari'ar nan gaba. Wato ba a rufe ƙofar ba. Matsalar ita ce wa zai biya lauya shekara biyar a kan makin da bai wuce dala dubu biyu ba? Ga shi yawancin yarjejeniyoyin kati suna tura ka wajen mai sasanci na sirri, su hana ka haɗuwa da sauran mutane ku yi ƙara ɗaya. Shi banki ba ya fakewa da dokar 1978, ba kamfanin jirgi ba ne. Amma in ka tunkare shi zai ce ni na ba ka makin da na alkawarta, ba ni na rage masa daraja ba. Ka je wajen jirgi ya ce karanta shafi na kaza.

Baban Walid: Gwamnati fa?

Anti Barista: Ta motsa a 2024. A watan Mayu Ma'aikatar Sufuri da hukumar kare masu hulɗa da bankuna suka yi zaman sauraron jama'a tare, a Satumba kuma sakataren sufuri Pete Buttigieg ya umarci American, Delta, Southwest da United su kawo bayanan yadda suke rage darajar maki. Bayan wata huɗu gwamnati ta canja. A gaskiya abin da na ga ya girgiza su a 'yan shekarun nan ba kotu ba ce. A Satumban 2023 Delta ya tsaurara dokokin SkyMiles da na shiga falon hutawa, mutane suka yi ta barazanar yanke katinsu na American Express, shugaban kamfanin Ed Bastian ya fito ya amsa cewa sun wuce gona da iri, bayan kusan wata guda aka sassauta wasu.

Malam Ustaz: Assalamu alaikum. Na yi shiru ina karantawa, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Shi kansa katin. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a fitar ko a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Na san akwai malamai a ƙasashen Yamma da suka sassauta saboda buƙata, tunda a nan hayar mota ko ta gida ma tana wuya in ba ka da tarihin bashi. Amma buƙata daban, farautar maki daban. Mai kati biyar don ya zauna a gaban jirgi ba zai ce lalura ba.

Maman Ihsan: Malam, Allah ya gafarta, nawa ɗaya ne.

Malam Ustaz: Ban kira suna ba Hajiya. Kuma ke kina biya a kan lokaci, Allah ya ƙara rufa asiri. Amma nawa ne cikin 'yan'uwanmu suka fara da wannan niyyar, wata ɗaya aka yi rashin lafiya a gida ko biki, suka kasa cikawa? Ruwan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, makin kuwa bai fi kashi 1 ko 2 ba. Ban da abin da ake yanka wa Alhaji, wannan ma yana cikin tukunyar da ake ɗebo makin.

Akanta: Lissafin Malam daidai ne. Wanda bashi ya kwana a kansa wata biyu ko uku ya riga ya mayar da makin da ya samu a kan wannan kuɗin.

Ɗan Maraɗi: Sannunku. Ni daga Faransa nake bin ku, kuma mamaki nake. Mu nan Tarayyar Turai ta yanke tun 2015: abin da bankin mai kati zai karɓa kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari a katin bashi, 0.2 a katin cire kuɗi. Shi ya sa ba mu san wannan rabon maki dubu 60 don ka buɗe kati ba. Akwai katunan jirgi, amma ko ka biya kuɗin shekara mai nauyi ko makin ya zo kaɗan-kaɗan. Ba banki da zai kai kamfanin jirgi kotu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuma kada a manta, maki yana mutuwa. Da Air Berlin ya rushe a 2017 shirin makinsa ma ya bi shi.

Alhaji na Bronx: Allah ya kawo mu wannan rana. Sanata Durbin da Sanata Marshall sun kawo ƙudiri tun 2022 cewa manyan bankuna su sa wa kowane kati hanya biyu ta wucewar kuɗi, mai shago ya zaɓi mai arha. Su wa suka fi kowa ihu? Kamfanonin jirgi. Har talla suka riƙa yi wai za a kashe wa mutane makinsu.

Maman Ihsan: Ai ba ƙarya suka yi ba. Shi wannan Durbin ɗin ne ya sa aka ƙayyade na katin cire kuɗi a dokar 2010. Da ta fara aiki a 2011 manyan bankuna suka soke makin da suke bayarwa a kan irin wannan katin. Wanda ma ba ruwa a cikinsa, wanda ko Malam ba zai yi faɗa ba, shi aka fara kashewa. To Alhaji, tsakani da Allah, da aka rage muku a 2011, ka rage wa tsohuwar nan farashin manja?

Alhaji na Bronx: Manyan kantuna aka rage wa, Hajiya. Mu masu cinikin dala uku dala biyar ƙari ma muka gani, don da aka sa iyakar kusan santi 21, sai kamfanonin katin suka janye rangwamen ƙananan ciniki suka kai kowa iyakar.

Maman Ihsan: Ba ka amsa ba. Ka rage ko ba ka rage ba?

Alhaji na Bronx: Haya ta ƙaru a shekarar.

Maman Ihsan: Na gode. Kawu na Fagge, ka zama shaida.

Kawu na Fagge: Ni ba ruwana, ban ga komai ba. Akanta, ka kira ni gobe bayan azahar, akwai abin da ban gane ba a maganar jinginar nan ta United.